Karatun Da Babu Kuka a Bayansa

Kafin ta haihu, aikinta duba kurakurai ne a wata maɗaba'a da ke ƙasan bene, inda injin bugu yake sa kofin shayi ya yi ta rawa a kan tebur. Shekaru ta yi a wurin da jan biro a hannu, tana farautar harafin da ya faɗi da waƙafin da ya ɓace hanya, har abin ya bi mata jiki. Ko allon shago ta gani da kuskure sai hannunta ya kama ƙaiƙayi. Akwai mutanen da Allah ya halitta da son komai ya tafi a kan layi, kuma ita tana sahun gabansu. Sai aka ba ta 'yar da ba ta san layi ba.

Baban yarinyar ne ya fara kiranta Jiniya, kuma bai zalunce ta ba. Har mai walda da ke ƙasan gidan, mutumin da yake yini yana yanka ƙarfe, sai da ya taɓa turo matarsa ta tambaya ko lafiya. Baban Jiniya direban bas ne. Yana fita kafin shaguna su buɗe, ya dawo da ƙafafu a kumbure, ya ɗauki 'yarsa ya yi mata wasa kaɗan, barci ya kwashe shi a kan kujera. Kakar yarinyar ta zo ta taya reno, da ta ga hannun 'yarta ya faɗa sai ta koma gidanta. Aka bar mai jego da ɗaki da falo a hawa na biyu, da taga ɗaya mai kallon bayan shagon masu faci, da igiyar shanya wadda ba ta taɓa zama babu kaya.

Gajiya ba ta dame ta ba kamar yadda aka tsorata ta. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne, daga ranar da ta haihu za a daina yi mata magana. Ana kira, ana zuwa, amma tambayar ɗaya ce: ta sha, ta yi barci, ta yi gyatsa? Ita kuwa uwar sai ka ce kujerar da aka ɗora yarinyar a kai. Kaɗaici ne yake cin ta, kuma tana jin kunyar faɗa, don wa zai yarda mace da jaririya a hannu tana kukan rashin mutane? A kan firij akwai wani littafi mai kauri da ta saya tana da tsohon ciki, labarin wata mata da ta gaji jirgin fito daga mahaifinta. Da niyyar ta cinye shi a hutun haihuwa ta saye shi. Wanda ya sa wa abin nan suna hutu, Allah ya yafe masa. Littafin dai ya zama abin danne takardun magani don kar fanka ta watsar.

Ranar awon jarirai ta jefa shi a jaka, da sa ran za ta buɗe ko shafi ɗaya ne a kan layi. Ba ta buɗe ba, Jiniya ba ta ba da izini ba. Matar da ke gefenta a benci doguwa ce, da tabarau wanda aka ɗaure hannunsa ɗaya da zare, ɗanta yana barci a ƙirjinta cikin tawul rawaya. Ta leƙa bangon littafin, ta tambayi labarin mene ne, sannan ta ce ita rabonta da karanta wani abu da ya wuce takardar cikin kwalin magani har ta manta. Suka yi dariya. Maman Jiniya ta ji ba za ta iya barin wannan dariyar ta tafi haka nan ba, don ita ce ta farko da aka yi da ita ba da 'yarta ba. Ta karɓi lambar matar, sannan ta bi bencin kaf tana roƙon lambobi. Wasu sun ɗauka kayan jarirai take sayarwa, wasu suka ce sai sun tambayi maigida. Ta dawo da abin da bai kai goma ba.

Da yamma ta buɗe musu zaure a waya, kuma kafin kowa ta ce uffan ta riga ta kafa dokoki. Ba zancen nono, ba zancen ƙunzugu, don zauruka masu wannan aikin sun cika gari. Ita za ta riƙa ɗaukar hoton shafuka tana turowa, kowa ta karanta, a ƙarshen mako a tattauna. Ranar da aka kammala littafin kuwa za a yi kiran bidiyo, kowace mace da ɗanta a cinya, a ga juna ido da ido. Wannan ta ƙarshen ta fi yi mata daɗi, har ta sa mata alamar fure. Wata babbar mace a cikinsu, Maman 'Yan Biyu, ta amsa da cewa sun ji sun bi, ranki ya daɗe Shugaba. Daga nan sunan ya zauna mata.

Ba wadda ta karanta. Wata mai ɗinki da suke kira Tela ta ce ita tana buɗe hoton, sai ta farka ta ga waya a kan hancinta. Maman 'Yan Biyu ta ce hannunta biyu, 'ya'yanta biyu, sai Shugaba ta gaya mata ko da ƙafa ake riƙe waya. Ita ce kuma ta kawo shawarar da ta fi duk dokokin amfani: tunda ido da hannu suna wurin yara, kunne ne kaɗai ya rage, to a riƙa karantawa da baki. Kowa da ranarta, ta naɗi murya ta turo, sauran su saurara suna wanki.

Shawara ta yi kyau, amma yara ba a yi shawarar da su ba. In Tela ta karanta, ɗanta ya raka ta da nasa waƙen. In Maman 'Yan Biyu ce, ba ka sanin mai jirgin fito ce take faɗa da fasinja ko uwa ce take raba rigima. Na Shugaba kuwa ba a magana. Sai ta naɗi shafi guda, Jiniya ta tsaga shi gida biyu, ta turo, ta saurara, kunya ta kama ta, ta goge. Ta sake, ta sake gogewa. Da abin ya ishe ta sai ta yi abin da ta iya, ta ƙara doka: duk saƙon da kuka ya shiga, a sake naɗa. Mata biyu suka fita ba sallama. Sauran suka yi tsit. Ta riƙa buɗe zauren tana tarar da maganarta ce ta ƙarshe, tana zaune ita kaɗai a ƙasan allo, ba wadda ta ko taɓa ta.

Doguwar nan mai tabarau tun gaisuwar farko ba ta ƙara cewa komai ba, har Shugaba ta cire rai da ita. Sai wata rana da tsakar rana, Shugaba na wanke kwalaben madara, saƙon murya mai tsawo ya shigo daga lambarta. Babu sallama, babu bayani. Daga inda aka tsaya ta ɗauka, ta yi ta karatu da murya mai sanyi wadda ba ta sauri, tana tsayawa inda aya take, tana canza harshe in dattijon da ke gyaran jirgi ya yi magana. Bayanta kuwa shiru, ko motsin cokali babu. Shugaba ta tsaya da kumfa a hannu har saƙon ya ƙare, famfo yana zuba ba ta kashe ba.

Kafin la'asar zauren ya farfaɗo. Maman 'Yan Biyu ta ce wannan ai rediyo ce aka ɓoye musu, sunan Rediyo ya bi doguwar. Tela ta ce mai jirgin nan wauta take yi da ta yarda da ƙanin babanta, wata ta ce ba wauta ba ce, kunya ce, aka yi ta musu har da masu rubutu da hannu ɗaya cike da kurakurai. Shugaba ta ga kurakuran, kuma a karo na farko hannunta bai yi ƙaiƙayi ba. Ta soke zancen kowa da ranarta, ta miƙa wa Rediyo karatun gaba ɗaya. Kullum da safe ta ɗauki hoton shafuka, da babban yatsanta a gefe, ta tura. Kullum da rana murya ta dawo. Daga nan tsoronta ya zama guda ɗaya tak, kar Rediyo ta gaji ta fita. Ta san sarai ba dokokinta ne suka riƙe matan ba, kuma in muryar nan ta ɗauke, ita za ta koma kujerar ɗora jaririya.

Abin da ya fi ba matan mamaki ba muryar ba ce, shirun ne. Mai jego ba ta jin saƙo sai kunnenta ya wuce ta bayan mai magana yana neman yaro. Suka nemi na Rediyo suka rasa, sai suka sa masa suna Malam Shiru. Maman 'Yan Biyu ta ce a yi musaya, biyu da ɗaya, har da kayan sawarsu za ta haɗa. Tela ta nace sai an gaya mata abin da ake ba shi. Amma ba wadda ta kai Shugaba zaƙewa, ita da ta hana zancen yara. Ta ce wannan shi ne yaro ɗan albarka, sauran su yi koyi. Ta ce ta ba shi Jiniya, ko zama da shi ya koya mata kamun baki. Tun daga ranar, in ta tura shafuka sai ta ƙara da tambayar yaya surukinta ya kwana. Rediyo takan amsa da fuskar dariya, wani lokacin ta ce yana gaishe da matarsa.

Da ranar awo ta sake zagayowa, Shugaba ta yi shiri kamar mai zuwa biki. Ta sa wa Jiniya rigarta mai kyau, ta sa littafin a jaka don ta ba Rediyo shi hannu da hannu, a huta da hotunan yatsa. Ta gaisa da Tela, ta taya Maman 'Yan Biyu riƙe ɗaya, tana ta waiwayen ƙofa. Layi ya tafi, benci ya yi fili, su biyun suka wuce gida, doguwa ba ta zo ba. Da aka zo ɗora Jiniya a sikeli, sai ta tambayi dattijuwar da ke awo ko an canza wa wata mai tabarau rana, mai yaro cikin tawul rawaya.

Dattijuwar ta ɗago ta dube ta. Ta ce ai wannan baiwar Allah ɗanta ya rasu, an jima, har ta faɗi makon da abin ya faru. Da ciwon zuciya aka haife shi, ba a gane ba sai da ya fara shiɗewa, aka kwantar da su a babban asibiti, bai tashi ba. Uwar da ƙafarta ta zo ta roƙi a daina kiranta ana tuna mata ranar awo. Dattijuwar ta faɗi haka tana gyara sikeli, sannan ta ce Jiniya ta ƙara nauyi, a ci gaba da abin da ake yi.

Shugaba ba ta san yadda ta sauko matakalar asibitin ba. A tashar bas ta zauna a kan dakali, ta buɗe zauren, ta yi ta ja da baya har ta kai ranar da saƙon farko ya shigo. Ta haɗa shi da abin da dattijuwar ta ce, lissafin ya fita ba tare da ta so ba. Tun karatun farko babu yaro a ɗakin. Ta sake gangarowa a hankali, tana wuce musayar biyu da ɗaya, tana wuce me ake ba shi, tana wuce nata, nata, nata, kullum safiya: yaya surukina ya kwana? Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Bas biyu suka wuce ta ba ta tsayar ba.

Ta gaya wa Baban Jiniya yana cire takalmi. Ya yi salati, sannan ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, tunda matar ba ta faɗa ba, wataƙila tana da dalilinta. Wannan bai rage mata komai ba. Washegari ta jira Jiniya ta yi barcin hantsi, ta shiga kicin ta ja ƙofa, ta kira Rediyo. Sau ɗaya wayar ta yi ƙara aka ɗauka, kamar dama tana hannu.

Ta shirya magana mai tsari tun safe, amma da ta ji sallamar Rediyo sai duk ta watse. Ta ce 'yar uwa, ta kasa ci gaba.

"Kin je awo ke nan," in ji Rediyo.

Shugaba ta fara ba da haƙuri, haƙurin rashi da haƙurin bakinta, suna hawa kan juna. Rediyo ta bar ta ta gama.

"Kar ki gaya musu, Shugaba. Abin da nake roƙonki ke nan. A gidan nan ba mai ambatonsa. Babansa ya kwashe kayansa ya kai gidan yayarsa don kar in gani. Duk wanda ya shigo sai ya yi mini zancen zafin gari da tsadar kaya, yana kallon bango. A zaurenki ne kaɗai ake tambayata yaya ya kwana."

Shugaba ta ce to a gaya mata inda gidan yake, ta zo ko zama ne su yi. Rediyo ta ce a'a, in ta zo da fuskar ta'aziyya za ta zo, ita kuwa ta ƙoshi da wannan fuskar. Shugaba ta tambaye ta tana cin abinci kuwa, ta ce tana taɓawa. Ta tambaye ta akwai wanda take magana da shi, ta ce ga ta nan tana yi. Sai Shugaba ta tuna da dokarta mai alamar fure. Ta ce in littafin ya ƙare fa, ranar da kowa za ta ɗora ɗanta a cinya?

"In ya ƙare ya ƙare," in ji Rediyo. "Turo shafukan yau, kin makara."

Ta tura. Da rana murya ta dawo, tsaf kamar kullum, kuma Maman 'Yan Biyu ta ce a shafa mata kan Malam Shiru. Shugaba ta kalli wannan saƙon ta rasa tudun dafawa. In ta yi magana, ta ƙwace wa matar wuri ɗaya da ya rage mata. In ta yi shiru, ta zauna tana kallo ana taka ta da dariya, kuma ita matar ta ce takun ne yake riƙe da ita. Shugaba ba ta san ko gaskiya ne ba, ba ta kuma san wanda za ta tambaya ba. Ita kanta ta daina tambayar surukinta. Kwana biyu da dainawa sai Rediyo ta rubuto mata a gefe, ta ce ko an fasa ba su matar ne? Haka ta koma rubutawa kowace safiya, tana goge hawaye da bayan hannu.

Ta gwada abin da ta saba. Ta tuna wa zaure cewa an hana zancen yara, suka yi mata caa, wai Shugaba ta tashi da dokokinta yau, a ba ta shayi. Ta ce kiran bidiyon nan a bar shi, yana cin data, Maman 'Yan Biyu ta ce ko bashi ne za ta ci, ita sai ta ga yaron da ba ya kuka da idonta. Tela kuwa ta riga ta yi nisa. Ta samu ragowar wani yadi mai laushi, ta ce za ta ɗinka wa yaran huluna iri ɗaya kyauta don ranar, kowa ta auna kan ɗanta da zare ta turo. Shugaba ta yi ta addu'ar kar Rediyo ta amsa. Ta amsa, ta turo awon. Shugaba ta gane wata hular ta ɓoye lokacin da ake kwashe kayan, ita ta auna.

Tela ta ce anya kuwa, wannan ai awon sabon haihuwa ne, Rediyo ta iya karatu amma ba ta iya awo ba, ta sake. Rediyo ba ta sake ba. Tela ta ce ba komai, in ta zo kan hularsa za ta ƙara faɗi da ido.

Abu ɗaya ne ya rage a hannun Shugaba, shi ne littafin. Ta fara rage shafukan da take turawa. Ta ce kyamararta ta yi hazo. Ta tura shafin jiya a madadin na yau, ta tsallake guda da gangan don a dawo baya a nema. Macen da ta yi shekaru tana kamun kuskure ta zauna tana ƙirƙirarsa da hannunta, matan kuwa suna tsokanarta cewa Jiniya ta cinye mata ƙwaƙwalwa. Rediyo ba ta taɓa ƙorafi ba. Abin da aka turo mata shi take karantawa, ko layi nawa ne, in maimaici ne ta maimaita. Amma littafi ba ya ƙaruwa. Kullum in Shugaba ta riƙe shi sai ta ji ɓangaren dama ya ƙara sirancewa a ƙarƙashin yatsanta. Mai jirgin fito ta rabu da ƙanin babanta, ta gyara injin, ruwa ya janye, saura babi ɗaya.

Ta riƙe babin ta ƙi turawa. Matan suka yi ta ƙorafi, ta ce Jiniya ce ba ta jin daɗi, Allah ya yafe mata wannan ma. Ta yi tunanin kawo wani littafin a ɗora kafin a rufe wannan, Maman 'Yan Biyu ta ce sai an yi taro tukuna, doka doka ce, kuma ba ita ta kafa ba. Ta sake kiran Rediyo, ba a ɗauka ba. Ta koma asibiti ta roƙi dattijuwar awo ta gaya mata unguwar matar, dattijuwar ta ce ko ta sani ba ta da ikon faɗa, kuma dama abin da ta faɗa ranar nan suɓutar baki ne. Shugaba ta dawo gida da lambar waya kawai, kamar yadda ta tafi.

Tana shanya kaya saƙon murya ya shigo mata ita kaɗai. Gajere ne, kuma ba karatu ba ne.

"Shugaba, na ga wahalar da kike yi, ki bari haka. Babin ƙarshe ke za ki karanta mini. Waɗanda kike turowa da farko kina gogewa, masu kukan Jiniya, ina jin su kafin ki goge. A asibiti nake jin su, da bayan na dawo. Na yi ta jin haushinki in kin goge. Wannan kar ki goge, kuma kar ki jira ta yi barci."

Kafin ta gama saurara karo na biyu, wani ɗan rubutu ya fito a tsakiyar zauren, irin wanda waya take sawa da kanta, cewa Rediyo ta fita. Matan suka rikice. Maman 'Yan Biyu ta ce ko hannun yaro ne ya danna, a mayar da ita. Wata ta ce ko wasan ne ya yi yawa ta ji haushi. Kowa tana kiran Shugaba, Shugaba ta kife wayar a kan kujera.

Ba ta sha wahalar jiran kuka ba. Jiniya ta farka da yunwa da zafi da fushinta na kullum. Ta ɗauke ta a kafaɗa, ta danne littafin a kan tebur da gwiwar hannu, ta danna naɗi. Ba ta iya karatu da baki ba, tana sauri inda ya kamata ta tsaya, tana haɗiye ƙarshen kalma. Jiniya ta tsala ihu a daidai bakin wayar, mai walda ya kunna injinsa a ƙasa, muryarta ita kanta ta karye a tsakiyar shafi har sai da ta tsaya ta ja hanci. Ta yi tuntuɓe a layi guda sau uku. Haka ta kai mai jirgin fito gaɓa, ta rufe littafin, ta tura wa Rediyo ba tare da ta saurara ba.

Ta zauna tana shayar da yarinyar, idonta a kan alamomin nan biyu da ke gefen saƙon. Suka koma shuɗi, alamar an buɗe shi. Can sai wayar ta nuna Rediyo tana rubutu. Ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Shugaba ta jira har Jiniya ta saki nono ta yi barci, har rana ta bar tagar ta koma bayan shagon masu faci. Babu abin da ya shigo. Ba ta san ko ta taimaki matar ba ko ta ƙara mata ciwo, kuma ta san ba lalle ne ta taɓa sani ba.

Da ta koma zauren, Tela ta turo hoto. Huluna ne a jere a kan teburin yanka, iri ɗaya, kowace da 'yar takarda an maƙala da allura. Ta ƙarshen ba a gama ba. Tela ta ce saura ta Malam Shiru, yanzu za ta farke ta ƙara mata faɗi, sai Shugaba ta binciko inda za a kai.

Shugaba ta rubuta magana mai tsawo ta goge. Ta sake rubuta wata ta goge. A ƙarshe ta ce wa Tela ta ɗinke ta yadda take ta ba ta ajiya, kar ta ƙara mata komai, awon daidai ne.